Idan Alƙalin Wasa Ya Faɗi A Fili, Wa Zai Busa Usur?

Duk wanda ya bi hanyar Dass daga cikin garin Bauci da la'asar, in ya kai unguwar Gwallameji da wuya ya wuce bai ji ƙarar usur tana tashi daga wani fili ba. Unguwa ce ta matasa. A nan ne mazaunin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya yake, wadda aka kafa a shekarar 1979, gidajen hayar ɗalibai kuwa sun kewaye ta. In aka haɗa ɗaliban da yaran unguwa, ba a rasa masu buga tamaula ko da wace rana, ba a kuma rasa gasar cin kofi lokacin hutun makarantu.

A irin wannan wasa idon kowa yana kan yara ne. Amma akwai mutum guda a tsakiyar fili wanda yawanci ya girme su da shekara 20 ko fiye, watau alƙalin wasa. Sau da yawa malamin makaranta ne, ko ƙaramin ma'aikaci da ya taso daga ofis, ko kuwa tsohon ɗan wasa da gwiwa ta hana shi ci gaba. Shi ne zai bi yara 'yan shekara 15 da gudu tun daga farkon wasa har ƙarshensa. Yaron da ya gaji yakan ɗaga hannu a canja shi. Alƙali kuwa ba shi da wanda zai ɗaga wa hannu. A manyan wasanni an auna cewa alƙali yakan yi gudun kilomita 10 zuwa 12, daidai da na 'yan wasan tsakiya. Filin unguwa bai kai wannan girma ba, to amma fa alƙalin unguwa ba a gwada lafiyarsa kamar yadda ake gwada ta waɗancan.

Dokokin wasan ƙwallon ƙafa sun ɗora wa alƙali nauyin tsai da wasa nan take idan ɗan wasa ya ji mummunan ciwo. Game da shi kansa kuwa, abin da suka tanada shi ne idan ya kasa, sauran alƙalai su riƙe wasan har ƙwallo ta fita, kuma masu shirya gasa su bayyana tun da wuri wanda zai maye gurbinsa. A filin unguwa "sauran alƙalai" ba su wuce samari biyu da aka tsamo daga cikin 'yan kallo aka ba su ƙyalle su riƙa ɗagawa ba.

Mai karatu zai iya tunawa da abin da ya faru a garin Limbe na ƙasar Kamaru ran 12 ga watan Janairu, 2022, a gasar cin kofin ƙasashen Afirka. Ana wasa tsakanin Mali da Tunisiya, sai alƙali Janny Sikazwe na ƙasar Zambiya ya busa usur ɗin tashi a minti na 85. Aka nuna masa kuskurensa, aka ci gaba, ya sāke busawa tun minti 90 ba su cika ba. Duniya ta yi masa ca, wasu na dariya, wasu na cewa an saye shi. Daga baya ne aka ji cewa zafin rana ne ya buge shi har sai da aka kai shi asibiti, shi da kansa kuma ya ce ya rikice, ya daina fahimtar abin da mataimakansa ke faɗa masa. Abin lura a nan shi ne mutumin bai faɗi ba. Yana tsaye, yana gudu, alhali ƙwaƙwalwarsa ta fara sarewa. Da a ce a wasan ƙarshe na wata gasar unguwa ne alƙali ya yi irin wannan hukunci, ga alama jifa za ta riga ruwan sanyi isa gare shi.

Ba shi kaɗai ba ne. A watan Maris na 2021 alƙali Charles Bulu na ƙasar Gana ya yanke jiki ya faɗi a Abijan ana wasa tsakanin Kwaddebuwa da Habasha, aka tashi wasan lokaci bai cika ba. A watan Yuni na 2024 mai ɗaga tuta Humberto Panjoj na ƙasar Gwatamala ya faɗi saboda zafi a birnin Kansas na Amurka, mai tsaron gidan Kanada ne ya fara rugawa kansa. Waɗannan sun tashi. Victor Hugo Hurtado na ƙasar Bolibiya, wanda ya faɗi ana cikin wasa a garin El Alto a watan Mayu na 2019 yana da shekara 31, bai tashi ba. Haka ma mai ɗaga tuta Peter Kabugo, wanda ya rasu bayan ya faɗi a wani wasan babbar gasar ƙasar Yuganda a watan Nuwamba na 2024. Dukkansu ƙwararru ne, akwai kuma likitoci a bakin fili.

Zafin Bauci ba sai an ba mazauninta labari ba. A watannin Maris da Afrilu ma'aunin zafi yakan kusanci 40, wani lokaci ya haura, kuma ƙasar fili takan riƙe zafin har bayan la'asar. A shekarun 2024 da 2025 azumin Ramadan ya faɗo cikin wannan lokaci na bazara, ga shi kuwa matasa da yawa sun saba buga ƙwallo da yamma don su ci lokaci kafin shan ruwa. Alƙalin da ya wuni bai sa ko ɗigon ruwa a baki ba shi ne zai shiga yana gudu.

Jikin ɗan Adam da gumi yake sanyaya kansa. In ruwan jiki ya yi ƙaranci gumi yakan ragu, jini ya yi kauri, zuciya ta ƙara sauri don ta biya bukata. Da farko mutum zai ji jiri da ciwon kai da tashin zuciya da ɗaurewar jijiyoyi. Wannan mataki inuwa da hutu da ruwa suna maganinsa. Amma idan zafin cikin jiki ya haura 40, mutum ya fara sambatu ko tangaɗi ko fushin da ba dalili, to an shiga haɗarin rasa rai, don ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa na iya lalacewa. Ƙa'idar likitoci a nan ita ce a fara sanyaya shi kafin a ɗauke shi. A kai shi inuwa, a cire masa riga da takalma, a yi ta kwara masa ruwan sanyi a duk jiki ana yi masa fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi. Ba abin da ke cikin wannan da ya fi ƙarfin Gwallameji, inda masu sayar da ruwan leda da ƙanƙara ke bakin kowane fili. Wanda yake cikin hayyacinsa a ba shi ya sha. Malamai kuwa ba su yi saɓani ba a kan cewa mai azumin da ake jin tsoron halakarsa ya sha ruwa ya rama daga baya.

Abu na biyu, wanda ya fi sauri, shi ne tsayawar zuciya. 'Yan Nijeriya ba su manta da Samuel Okwaraji ba, wanda ya faɗi a filin wasa na Surulere a Legas ran 12 ga watan Agusta, 1989, ana wasa da Angola, ya rasu yana da shekara 25. Ran 8 ga watan Maris, 2020 kuma Chineme Martins na ƙungiyar Nasarawa United ya faɗi a Lafiya ana wasa da Katsina United, jaridu suka ba da labarin cewa motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi, ya rasu. Waɗannan matasa ne. Ga wanda ya haura shekara 35 kuwa, abin da ya fi kawo wannan shi ne toshewar hanyoyin jinin da ke ciyar da zuciya, hawan jini kuma na cikin manyan abubuwan da ke jawo ta. Kimanin mutum 1 cikin 3 na manya a ƙasar nan yana da hawan jini, da yawa ba su ma sani ba. A Amurka har yanzu ana tunawa da John McSherry, alƙalin wasan ƙwallon gora mai shekara 51, wanda ya tsai da wasa a birnin Sinsinati ran 1 ga watan Afrilu, 1996, ya juya zai fita ya faɗi, bai kuma farfaɗo ba.

Abin da aka saba gani idan mutum ya faɗi a fili sananne ne. Jama'a su yi masa zobe har iska ta daina ratsawa, wani ya ɗaga ƙafafunsa, wani ya ɗura masa ruwa a baki, wani ya nemo cokali ko albasa. In jikinsa ya ɗan yi fizge-fizge sai a ce farfaɗiya ce ko iska, a ja da baya. Alhali kuwa wanda zuciyarsa ta tsaya yakan yi wannan fizga, yakan kuma yi wani irin gurnani da jan numfashi jefi-jefi wanda ke ruɗin mutane su ce ai yana numfashi. Ruwan da aka ɗura wa wanda ya suma kuwa huhu yake iya wucewa.

Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta koyar da cewa duk wanda ya faɗi a fili ba tare da wani ya taɓa shi ba, aka kira shi bai amsa ba, a ɗauka zuciyarsa ce ta tsaya har sai an tabbatar da akasin haka. Sai a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, mutum guda ya durƙusa, ya ɗora tafin hannu ɗaya bisa ɗaya a tsakiyar ƙirjinsa, ya miƙe gwiwar hannu, ya riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti guda. In ya gaji wani ya karɓe shi ba tare da an tsaya ba. Ko da haƙarƙari ya tsage a ci gaba, don haƙarƙari yana warkewa. Ƙwaƙwalwar da ta rasa jini takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6, kowane minti guda da ya wuce ba a yi komai ba kuma yana rage damar rayuwa da kimanin kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Daga Gwallameji zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke cikin gari, in an haɗa da neman mota da cunkoson yamma, ya fi waɗannan mintuna. Saboda haka abin da aka yi a filin shi ne zai yanke hukunci.

Danna ƙirji yana riƙe rai ne kafin a kawo na'urar farfaɗo da bugun zuciya, wadda ke ba zuciya wutar lantarki ta koma bugawa daidai. Ita ce, tare da danna ƙirji, ta ceci Christian Eriksen na ƙasar Denmak ran 12 ga watan Yuni, 2021, bayan alƙali Anthony Taylor ya tsai da wasa cikin 'yan daƙiƙoƙi ya kira likitoci. Na'urar tana magana, tana gaya wa mai riƙe da ita abin da zai yi, ba ta kuma sakin wuta sai ta ga ana bukata. A shekarar 2013 FIFA ta raba wa hukumomin ƙasashen da ke ƙarƙashinta jakar agajin gaggawa mai ɗauke da irinta. Tana da tsada ga ƙungiyar unguwa, amma ba ta fi ƙarfin babbar makaranta ko ƙaramar hukuma ba.

Akwai kuma haɗarin da mutane ke jawowa da hannunsu. Ran 2 ga watan Disamba, 2012, a garin Almere na ƙasar Holan, wasu yara 'yan wasa suka lakaɗa wa Richard Nieuwenhuizen duka bayan ya ɗaga tuta a wasan matasa da ɗansa ke ciki. Ya tashi da ƙafafunsa, bayan wasu sa'o'i ya faɗi, washegari ya rasu yana da shekara 41. A watan Afrilu na 2013 a jihar Yuta ta Amurka wani mai tsaron gida ɗan shekara 17 ya naushi alƙali Ricardo Portillo a kai don ya ba shi katin gargaɗi. Da farko kamar ba komai, bayan mako guda ya cika. Jini yakan taru a hankali cikin ƙoƙon kai, don haka alƙalin da aka doka ko aka jefa a kai, ya ce ba komai, bai kamata a bar shi ya hau babur ya tafi gida shi kaɗai ba, balle in ya fara amai ko jin barci.

Garin Bauci ya san yadda ake shirya wasan matasa da kyau, domin filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya karɓi baƙuncin gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 1999, da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Ba wanda zai nemi gasar unguwa ta yi irin wancan tanadi. To amma mai shirya gasar da ya iya sayen kofi da riguna, ya yi hayar rumfa da lasifika da kujerun manyan baƙi, ba zai ce kuɗin ƙanƙara da durom ɗin ruwa sun gagare shi ba. Dokar wasa ta yarda da hutun shan iska na daƙiƙa 90 zuwa minti 3 idan zafi ya tsananta, an kuma fara yin sa a gasar cin kofin duniya a wasan Holan da Meziko a 2014. Auna hawan jinin alƙali kafin a fara gasa aikin minti biyar ne a kowane ƙaramin asibiti. Ƙungiyar Red Cross ta Nijeriya tana koyar da agajin farko, rabin yini kuma ya isa masu horad da yara da kyaftin-kyaftin su iya danna ƙirji. Sauran shi ne a ajiye alƙali na biyu a bakin fili, a kuma san tun kafin a busa usur motar wa ko Keke Napep ɗin wa za a ɗauka, kuma direban yana wurin da makullinsa.

Wasu sukan ja da baya don tsoron abin da za a tambaye su a ƙofar asibiti. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin duba wanda aka kawo cikin halin gaggawa ko da wane dalili, ta kuma tanadi tarar N100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyu, ga wanda ya saɓa. Lambar kiran agaji ta ƙasa ita ce 112, kuma ba a cire wa mai kira ko kwabo.