Yadda Ake Gane Irin Kifin Shak Ta Haƙoransa

Kowa ya sani, idan Bafilatani zai sayi sa a karar Bukuru, bakinsa yake fara buɗewa, gama haƙori ba ya ɓoye shekaru. To, masana kifayen teku ma da haƙori suke aiki. Ina so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai yadda suke gane irin babban kifin nan da ake kira shak, ko da ba su ga kome nasa ba sai muƙamuƙi.

Da fari, shak ba shi da ƙashi irin na tarwaɗa ko giwar ruwa. Duk ƙirar jikinsa guringuntsi ce, in ya mutu sai ta ruɓe, haƙora kaɗai su saura. Haƙoran nan kuwa jeri-jeri suke, in na gaba ya fāɗi sai na baya ya matso ya maye gurbinsa. Saboda haka shak guda yakan zubar da dubban haƙora kafin ya mutu.

Ga abin da za a duba. Na ɗaya, siffar haƙori, domin ita ke nuna abincin mai shi. Farin shak yana da haƙoran sama masu faɗi, masu kusurwa uku, gefensu da tsaga-tsaga kamar zarto, don yankan nama. Na mako dogaye ne, sirara, masu santsin gefe kamar basilla, don cafke kifi mai zamewa. Na shak mai zanen damisa gajeru ne, sun karkata gefe guda, da wani lotsi a bayansu, har ƙoƙon kunkuru suna fasawa. Waɗanda ke cin kaguwa da dodon koɗi a ƙasan teku kuwa, waɗansunsu haƙoransu na baya shimfiɗe suke kamar dutsen niƙa.

Na biyu, a gwada na sama da na ƙasa. A wajen mai zanen damisa kusan iri ɗaya ne, amma a wajen farin shak na ƙasa sun fi sirantaka. Na uku, a ƙirga haƙoran jerin gaba daga wannan kusurwar baki zuwa waccan, gama kowane iri da kimanin adadinsa. Sai dai a yi hankali: haƙoran ƙaramin shak sukan bambanta da na babba, don haka haƙori guda ba kullum yake isa shaida ba.

Wani zai ce, me ya haɗa mu da wannan, mu da muke Jos, kimanin ƙafa 4,000 bisa teku? Gaskiya ne duwatsunmu daga narkakken dutse suka fito, mai tonon kuza ba zai tsinci haƙorin shak a ciki ba. Amma a ƙasar Sakkwato, wajen Wurno da Dange, ana samun haƙoran kifayen teku da suka zama dutse. A 1934 wani masani na Landan, E. I. White, ya wallafa bayanin kifayen da aka tono a lardin. Ashe fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce teku ne ya malale wurin, har ya ratsa inda Sahara take yanzu. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita, a ƙasan wannan teku ta taru.

Turawa ma sun daɗe cikin duhu. Da suna tsintar irin haƙoran nan cikin duwatsu suna cewa harsunan macizai ne. A 1666 aka kama wani ƙaton shak kusa da Liborno ta Italiya, aka kai wa likita Nicolaus Steno kansa. Da ya gwada haƙoransa da duwatsun nan, sai ya ga abu ɗaya ne, ya buga bayaninsa a 1667.

Wannan ita ce hanyar da ya kamata mu koya wa yara: a duba, a gwada, a ƙirga, sa'an nan a faɗi suna. Ba sai mun sami shak ba. Malami ya nemo kan tsage da na tarwaɗa, da muƙamuƙin akuya da na kare, ya aje gaban aji, ya tambaya wane ne ke cin me. Yaron da ya iya amsawa da kansa, ba zai yarda da kowace jita-jita ba in ya girma.