Sautin da Kunne Ba Ya Ji a Gindin Fankar Lantarki

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya bi ta Lambar Rimi a jihar Katsina ya ga fankokin nan 37 da aka kafa don su samar da megawat 10 na lantarki daga iska. Gani dai kowa na yi. Tambayata ita ce, me jiki ke ji idan mutum yana zaune kusa da irinsu?

Kunnen ɗan Adam na jin sauti ne daga kimanin hatz 20 zuwa 20,000, wato yawan girgiza a daƙiƙa ɗaya. Abin da ya gaza 20 yakan wuce kunne. To ku ɗauki babbar fanka mai fukafukai uku da ke juyawa sau 15 a minti. Fiffike zai gifta gaban turken sau 45 ke nan, bai kai sau ɗaya a daƙiƙa ba. Kowace giftawa na girgiza iska, girgizar injin kuma na bin ƙarfen turken har ƙasa.

Nan masu fasahar sauti ke shigowa. Sukan manna makirufo a jikin ƙarfe, ko su kafa na'urar auna girgiza a ƙasa, su ɗauka, sannan su hanzarta a kwamfuta. Idan aka ninka saurin sau 100, bugun nan na hatz 0.75 sai ya koma 75, ruri mai kauri da kowa zai ji, ɗaukar awa guda kuma ta dawo daƙiƙa 36. Wasu ma iskar suke bar wa kiɗan: a Burnley ta Ingila akwai wata "bishiya" ta bututun ƙarfe da aka kafa a 2006, iska ce ke busa ta.

Kada ku ce wasa ne fa. A Turai, maƙwabtan fankoki sun daɗe suna kukan cewa "fuu, fuu" ɗin fukafukai na hana su barci. Bincike bai tabbatar da cewa sautin da kunne ba ya ji na jawo ciwo ba, amma damuwar da wanda ake ji ke kawowa sananniya ce.

Ni a ganina, mu da za mu kafa irin waɗannan injuna gobe, ya kamata mu iya saurare. Manomin da za a kafa wa turke kusa da gida ba ya karanta jadawalin awo, amma idan aka kunna masa sautin, zai faɗi ra'ayinsa tun kafin a zuba siminti.