Me Ya Sa Mai Son Arsenal Yake Yin Caca Cewa Za a Doke Arsenal?

Duk wanda yake zuwa gidan kallon ƙwallo ya san irin wannan mutumin. Ya sa rigar Arsenal, yana ihu idan an kai hari, amma a aljihunsa akwai tikitin caca da ke cewa abokan karawa ne za su yi nasara. Mu 'yan kulob ɗin jarida mun daɗe muna mamakin wannan abu, har muka zauna muka yi lissafinsa.

Tunaninsa shi ne kada ya tashi a tutar babu. Idan ƙungiyarsa ta ci, ya yi murna ko da kuɗinsa sun tafi. Idan an doke ta, kuɗin da ya samu su rage masa zafin tsokanar 'yan Chelsea. Magoya bayan Arsenal sun san wannan zafin, domin bayan kofin Firimiya na 2004 sun shafe fiye da shekara 20 suna jira, kuma sun zo na biyu a 2023 da 2024 da 2025.

Amma ya manta da canjaras. Ƙwallo tana da sakamako uku ne, ba biyu ba. Idan aka tashi ɗaya da ɗaya, babu murna, babu kuɗi.

Kuma kamfanin caca ba ya faɗuwa. Ga misali irin na darasin lissafi: mutum biyu kowa ya sa naira 1,000, ɗaya a kan wannan ƙungiya, ɗaya a kan waccan. Kamfani ya karɓi 2,000, ya biya wanda ya ci 1,900. Ragowar 100 nasa ne, ko wa ya ci. Idan kuwa canjaras aka yi, duka 2,000 ɗin sun zama nasa.

Ga 'yan wasa abin ya fi muni. A 2023 hukumar ƙwallon Ingila ta dakatar da Ivan Toney wata takwas saboda karya dokar caca sau 232, ciki har da yin cacar cewa ƙungiyarsa za ta sha kashi, a wasannin da bai buga ba.

A wajenmu kuma malaman addini sun sha gaya mana caca haramun ce, doka ma ta hana wanda bai kai shekara 18 ba. Duk da haka mun san a cikinmu akwai masu ba yayyensu na unguwa kuɗin tara su buga musu a waya. Su ne muke gani suna hamma a aji da ƙarfe 11, ba su karya ba.