Dabon 'Yan Katuna: Wanne Ya Dace Da Yaranmu Na Khartum Da Umdurman?

Da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla suna da dangi a Sudan. Hanyar hajji ta ƙasa ce ta fara kai kakanninmu can, sannan bayan yaƙin Burmi na 1903 jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka bi ɗansa Muhammadu Bello suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Daga irin waɗannan garuruwa aka yaɗu har Khartum da Umdurman. 'Ya'yan waɗannan gidaje sun ga abin da bai kamata yaro ya gani ba, tun daga ranar 15 ga Afrilu 2023 da yaƙi ya ɓarke, makarantu suka rufe, mutane fiye da miliyan 10 suka bar muhallinsu. A watan Maris na 2025 sojojin gwamnati suka karɓe Khartum, iyalai suka soma komawa. Duk inda yara suka taru, a tsakar gida ko a bakin takiyya, wato ɗakin girkin sadaka na unguwa, akwai buƙatar abin da zai dawo masu da dariya ba tare da an kashe kuɗi ba. Dabo da 'yan katunan da ba su fi cikin tafin hannu ba yana iya biyan wannan buƙata, matuƙar an iya zaɓe.

Mun san tambayar da za ta fara zuwa bakin maigida: shin wannan ba sihiri ba ne? Tambaya ce mai nauyi. Imam Fakhruddin ar-Razi ya kasa sihiri gida 8, ya kuma sanya rufa-ido da saurin hannu a ciki, Ibn Kasir ya kawo wannan rabe-rabe a tafsirinsa. Saboda haka wasu malamai suka hana dabo gaba ɗaya, wasu kuma suka bambanta wanda yake iƙirarin sanin gaibu ko aiki da aljanu da wanda yake nuna dabarar da hankali ke iya ganowa. A Bagadaza ta ƙarni na 9, 'ya'yan Musa bin Shakir su uku sun rubuta Kitabul Hiyal, mai bayanin na'urori kimanin 100, har da tulunan da ke ba mai kallo mamaki. A ƙarni na 13 kuma al-Jaubari, mutumin Dimashƙa, ya wallafa littafi sukutum yana tona asirin 'yan damfara. Daga nan muka ɗauko ma'auninmu: kada babba ya nuna wa yaro dabon da ba ya shirye ya bayyana masa sirrinsa kafin a tashi.

Su kansu katunan, ba sai an taɓa kartar kanti ba, wadda mutanen Sudan ke kira kotshina, domin a idon iyaye da yawa warin caca take yi. Kwalin shayi ko na biskit ya wadatar. A yanka shi daidai wa daida, a rubuta lambobi, ko a zana dabino, tulu, kwalekwale da jabanar gahawa. Wannan ma ba sabon abu ba ne, domin katunan zamanin Mamluk na Masar da ke ajiye a fadar Topkapi ta Istanbul ba su da hoton mutum ko ɗaya.

Ga 'yan shekara 5 zuwa 7, katuna 8 masu zane sun isa. Yaro ya zaɓi ɗaya, ya nuna wa 'yan'uwansa, ya kife shi a tabarma, mai wasa ya ɗora sauran 7 a kansa. Sai ya ɗauki tarin, ya ajiye na sama a ƙasa, na biye ya mayar da shi ƙarƙashin tarin, haka dai, yara suna rera "fita, ɓuya, fita, ɓuya" har kati ɗaya ya rage a hannu. Shi ne wanda aka zaɓa. Dalili kuwa, duk lokacin da adadin ya kasance 2, 4, 8 ko 16, na can ƙarƙashi ne yake tsira.

Waɗanda suka iya tarawa, katuna 5 na lambobi sun fi dacewa da su. Na farko ya fara da 1, ya ɗauki duk lambobin mara har 31. Na biyu ya fara da 2, 3, ya tsallake biyu, ya ɗauki 6, 7, haka har ƙarshe. Na uku ya ɗauki huɗu-huɗu daga 4 yana tsallake huɗu, na huɗu takwas-takwas daga 8, na biyar kuwa daga 16 zuwa 31 a jere. Yarinya ta riƙe wata ranar wata a zuciyarta, ta nuna katunan da lambar take ciki, mai wasa ya tara lambobin farko na waɗannan katuna kawai. Alal misali, in ta nuna na 16 da na 4 da na 1, to 21 ta riƙe. Wannan shi ne lissafin bibbiyu da kwamfuta da wayar hannu suke aiki da shi, kuma yaron da ya rasa aji na tsawon lokaci zai koyi tarawa bai ma san darasi ake yi ba.

Manyan yara kuwa sai a ba su katuna 21. A raba su ɗaya bayan ɗaya zuwa layi 3, yaro ya faɗi layin da katinsa yake, a tattara a sa wannan layin a tsakiya. In aka yi haka sau 3, katin yana wuri na 11, ba makawa. Zagaye na farko ya tsare shi cikin katuna 7, na biyu cikin 3, na uku ya bar shi shi kaɗai. Masanin lissafi ɗan Faransa, Joseph Gergonne, ya yi nazarin irinsa mai katuna 27 tun 1813.

Akwai kuma waɗanda muke ba da shawarar a bari. Na farkonsu shi ne karta uku, inda ake juya katuna a ce wa mutum ya nuna ja ya ci kuɗi. Wannan sana'ar 'yan damfarar tasha ce, ko da wake aka sa a madadin kuɗi. Na biyu su ne dabarun gwanaye masu dogara da ƙirgar ɓoye, irin wadda Alex Elmsley na Birtaniya ya fito da ita a 1959. Suna cin watanni kafin hannu ya faɗa, ga shi yaranmu ba sa zama a sahu, ta ko'ina suke leƙowa. Na uku shi ne duk abin da ya haɗa da ƙara, wuta ko ba-zata, domin kunnen da ya sha jin harsashi ba ya buƙatar a sake razana shi. Haka nan kada a mayar da yaron da ya fito taimako abin dariya. A bar shi shi ya juya katin ƙarshe, tafin ya zama nasa.

Minti 10 sun isa, dabara biyu sun wadatar. Daga nan sai a baje katunan a fili, a ce wa ya gano, a bar su su yi ta gardama, sannan a nuna masu, a miƙa masu kwali da almakashi su yanka nasu. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya ga yadda katuna 5 suka faɗi abin da ke zuciyarsa ta hanyar lissafi tsagwaronsa, da wuya gobe boka ko mai ninka kuɗi ya ruɗe shi da ɗan abin mamaki.

Masu dangi a can, ku kwafi waɗannan lambobi ku aika masu ta waya. Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ya raya mana zuriya bisa gaskiya, amin.