Tsohuwar Mota Mai Jan Taya Huɗu a Ƙasar Rano: Abin da Take Ci Bayan An Biya Kuɗinta

Idan ruwan Agusta ya kankama a kudancin Kano, hanyoyin gona da suka ratsa Madachi da Zinyau da Saji a ƙaramar hukumar Rano, da na Tarai da Fammar a Kibiya, ba kowace mota ke iya shigarsu ba. Burji ya jiƙe ya zama santsi, rafuka sun kawo, ƙaramar mota ta kafe tun a bakin gari. A nan tsohuwar Hilux ko Land Cruiser ke nuna amfaninta: ta kai taki gona, ta ɗauko mara lafiya zuwa asibitin Rano, da kaka kuma ta fito da masara da shinkafa zuwa bakin kwalta. Shi ya sa manomi mai ɗan hali ke burin mallakarta, ko da ta girmi babban ɗansa.

Kafin ita, akori-kura ƙirar Peugeot 504 ce ke wannan aikin, wadda aka riƙa haɗawa a kamfanin Peugeot na Kaduna da aka buɗe a 1975. Tana da juriya, sai dai tayoyin baya kaɗai ke ja. Masu jan taya huɗu da ke hannun talaka a yau kuwa, yawancinsu ko dai gwanjon ma'aikatu ne, ko 'yan Beljiyam da suka gama aiki a ƙasashen waje. Tun daga Janairun 2017 da gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, hanyar Kwatano ta yi wuya, tsofaffin da ke gida suka ƙara daraja, aka riƙa musayarsu hannu zuwa hannu.

Babban abin da ke kashe waɗannan motoci zafi ne, kuma mafi yawansa daga hannun masu su yake fitowa. An saba a cika lagireto da ruwan rijiya zalla. Ruwan nan yana barin tsatsa da dauɗa a cikin ƙananan bututun lagireto har su toshe, ga ƙaiƙayi da ƙura sun liƙe masa fuska daga waje. A watan Afrilu, mota na hawan tudu da lodi, sai allurar zafi ta haura. Direban da ya ce bari dai ya ƙarasa gari shi ke jawo asara, domin mintuna kaɗan sun isa gaskit ya ƙone, ko kan injin ya lanƙwashe ko ya tsage. Injinan gas irin 2L-T na Toyota da 4D56 na Pajero sun yi ƙaurin suna wajen tsagewar kai idan suka tafasa. Wasu makanikai kuma, da an kawo musu mota mai zafi, sai su cire tamostat su jefar, wai don ƙasar sanyi aka yi shi. Wannan rufe ciwo ne kawai. Toshewar lagireton tana nan, fanbel ɗin da ya saki yana nan, injin kuma ya daina kai zafin da ya dace da shi da safe, ya ƙara shan mai.

Sai tayimin bel. Injinan gas na 3L da 5L da ke cikin Hilux da yawa, da 1HZ mai silinda shida na Land Cruiser, duk da bel suke aiki, kuma ƙa'ida a canza shi a wajen kilomita 100,000. Amma a motar da agogonta ya mutu shekaru da dama, wa ke lissafi? Ranar da ya tsinke, fistin zai daki bawul, gyaran da bai taka kara ya karya ba ya koma sauke injin. Injin fetur na 22R da sarƙa yake aiki, ita kuma takan yi gargaɗi da ƙara kafin ta ba da matsala.

Ƙurar hunturu na cin injin a hankali. Iyafilta ta cika, yaron gareji ya bubbuga ta a jikin taya ya mayar, wani lokaci da huda a jikinta. Ƙurar da ta wuce ita ke goge ringi har mota ta fara shan baƙin mai tana fitar da shuɗin hayaƙi. Man 'yan bumburutu da ake zubawa daga jarka, idan da ruwa ko datti a ciki, yakan toshe kafireto, a injin gas kuma ya lalata nozul da famfon injekta, wanda gyaransa sai an je Kano. Ko gidan mai ma ba ya rasa irin wannan: a Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol Najeriya, motoci da dama suka lalace kafin a janye shi.

Akwai ɓarnar da damina ke yi a ɓoye. Idan mota ta tsallaka rafi aksul na da zafi, sanyin ruwa kan sa ya zuƙo ruwa ta ƙofar shan iskarsa ko ta sil ɗin da ya tsufa. Mai mota ba zai ga komai ba sai bayan makonni, lokacin da ƙugi ya fara tashi daga baya. In aka kwance noti aka tsiyayo man, sai a gan shi fari-fari kamar koko, boris da haƙoran giya sun riga sun ci jiki. Duba man aksul da na giyabos bayan an shiga ruwa mai zurfi, da matsa giris a gaɓoɓin furofela, aikin rabin sa'a ne. Wani kuskuren kuma shi ne barin mota a giyar taya huɗu bayan an hau kwalta. A yawancin tsofaffin nan, a wannan giyar tayoyin gaba da na baya a ƙulle suke da juna, sai ƙasa mai santsi ko yashi ke ba su damar sakewa. A kan kwalta ƙarafunan ne ke murɗa juna har wani ya karye.

Lodi kuwa kowa ya san gaskiyarsa. An ƙera Hilux don ta ɗauki kimanin tan ɗaya, wato buhu goma na masara mai kilo 100. Da kaka, ana rububin kai kaya kasuwa, sai a ninka mata, ga mutane a sama. Bakanike ya ƙara mata ganyen sifirin don kada ta zauna, nauyin ya koma kan shasi da boris da birki. Shasin da ya tsage aka yi masa walda ba ya komawa yadda yake. Takin zamani da ya zube a bayan mota ruwa ya taɓa shi kuma yana cinye ƙarfe da sauri.

To, nawa ake kashewa? Mai ne kan gaba. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi, litar fetur tana wajen naira 185 a farashin gwamnati. Zuwa Oktoban 2024 ta haura naira 1,000. Tsohuwar mota mai fetur da ke shan lita 15 a kilomita 100 da lodi, tafiyar da take cin ƙasa da naira 3,000 ta koma cin 15,000 a lokacin. Gas kuwa ya daɗe babu tallafi a kansa. Kayan gyara suna bin dala, wadda ta tashi daga wajen naira 460 a farkon 2023 ta wuce 1,500 a 2024. A kasuwar Ƙofar Ruwa mai shago zai tambaya, "Alhaji, sabo kake so, ko Beljiyam, ko mai sauƙi?" Mai sauƙin nan shi ke sa a biya kuɗin aiki sau biyu, ga kuɗin mota daga Rano zuwa Kano da dawowa. Taya ma haka: lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta suna faɗin makon da aka yi ta da shekarar, 2318 na nufin mako na 23 a 2018, kuma tayar gwanjo mai kyawun zane tana iya kasancewa ta bushe. Inshorar dole ta motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023, ban da sabunta takardu. Asarar da ba a cika lissafawa ba ita ce ta kwanakin da mota ke kwance a gareji ana tsakiyar kaka, shinkafa na jira a fadama, mai mota na biyan hayar ta wani.

Duk da haka motar tana biyan kanta a hannun wanda yake da aikin da zai ba ta rani da damina, yake kuma ware kuɗin gyara daga kowane lodi. Mai niyyar saye ya je da bakanikensa da sassafe, kafin mai ita ya ɗumama injin. A buɗe murfin lagireto tun yana sanyi, a tayar, a duba ko kumfa na tasowa, alamar gaskit ya tafi. A kwanta a ƙarƙashinta da tocila a bi shasi ana neman walda ko sabon fenti. Sannan a kai ta cikin yashi a saka giyar taya huɗu a ga ko na gaba suna ja, domin da yawa an cire musu furofelar gaba tuntuni, ana sayar da su da kuɗin masu jan huɗu.