Suna Ɗaya, Tukunya Dabam

Birnin Ƙwanni gari ne na matafiya. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram ta ratsa ta cikinsa. Wata hanya kuma ta yi kudu, ta tsallaka iyaka, ta nufi Sakkwato. Saboda haka dare da rana ba a rasa mota a tasha. Matafiyi in ya sauko, yunwa yake ji, kuma sauri yake yi, don direba ba ya jira. Ba shi da lokacin zama a tuƙa masa tuwo. Sai ya nufi wurin mai tsire, ko mai ƙosai, ko mai shayi. Ya miƙa kuɗi, a ƙunshe masa a takarda, ya koma mota yana ci.

Irin wannan abinci shi ake kira abincin gaggawa. Ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni ana tallar waina da ɗan wake da dambu da fura da nono a kasuwa, kuma fatake suna yin guzuri da kilishi.

Amma wanda ya saba bin hanya ya san abin da ake talla ba ɗaya ba ne ko'ina. A Ƙwanni, da yake bakin iyaka ne, ba a rasa garin rogo da doya da manja, waɗanda ke shigowa daga Nijeriya. In mota ta yi gabas ta wuce Tsarnawa da Malbaza ta isa Galmi, sai buhunan albasa jere a bakin hanya. Mai tsire a nan ba ya rowar albasa. In kuwa daga Tsarnawa aka yi arewa, hanyar Tawa, za a tarar da Badagishiri cikin gundumar Illela, inda ake cin babbar kasuwar bisashe. Ranar kasuwa, nama da nono su ne a gaba. Lokaci ma yana da nasa rabo. Da sanyi, kayan lambu sun nuna, sai a ga salati da tumatir a kowane faranti. Da kaka kuma sai gasasshiyar masara da dafaffiyar gujiya.

Dukan waɗannan masu abinci, kowa gashin kansa yake ci. Mai ƙosan Malbaza ba ta san mai ƙosan Illela ba. To, a waɗansu ƙasashe akwai wata irin sana'ar abincin gaggawa wadda ba haka take ba. Kamfani ɗaya ne yake da gidajen abinci masu yawa a garuruwa dabam-dabam. Kowane gida ana ce masa reshe. Sunansu ɗaya, alamarsu ɗaya, tufafin ma'aikatansu iri ɗaya. A bisa kanta akwai allo mai hotuna, an rubuta sunan kowane abinci da kuɗinsa. Da Faransanci, jerin abincin nan ana ce masa «menu».

Wanda ya fi suna cikinsu shi ne McDonald's na Amurka. Waɗansu ƴan'uwa biyu, Richard da Maurice McDonald, suka buɗe shi a jihar Kalifoniya cikin 1940. A 1948 suka yi wata dabara: suka rage yawan abincin da suke dafawa, suka bar kaɗan, suka raba aiki. Wani yana suyar nama, wani yana yanka burodi, wani yana ƙunshewa. Sai abinci ya riƙa fitowa da sauri, kuma da araha. Babban abin da suke sayarwa shi ne hambaga, wato niƙaƙƙen naman sa da aka soya aka sa cikin burodi, tare da soyayyen dankalin turawa. Daga 1955 wani ɗan kasuwa mai suna Ray Kroc ya shiga buɗe rassa ko'ina. Yau sun fi 40.000, cikin ƙasashe fiye da 100. Wani kamfanin kuma, KFC, shi soyayyar kaza ya riƙe.

Da farko burin irin waɗannan kamfanoni shi ne abincinsu ya zama iri ɗaya a ko'ina, kamar kwalin sukari: wanda aka saya a Tawa da wanda aka saya a Maraɗi ba su da bambanci. Sai dai baki ba ya bin doka. Tun a cikin Amurka ɗin aka fara ganin haka.

A birnin Sinsinati akwai wani mai reshe, sunansa Lou Groen. Yawancin mutanen unguwarsa Kiristoci ne ƴan Katolika, kuma a zamanin nan ba su cin nama ran Juma'a. Kowace Juma'a gidansa sai ya zama wayam, ciniki ya mutu. Cikin 1962 ya yi tunani, ya soya kifi ya sa cikin burodi maimakon nama. Mutane suka dawo. Kamfani ya ga abin ya karɓu, ya sa shi cikin allon sauran rassa, har yau ana sayar da shi. Haka kuma a jihar Niyu Meziko, inda ake noman tattasai, akan sa ɗanyen tattasai gasasshe cikin hambaga. A tsibiran Hawai kuwa akan ba da shinkafa da safe, har da wani abin zaƙi da ake yi da gwaza.

Da kamfanonin suka ƙetare teku, sai bambancin ya ƙaru. Labarin Indiya shi ya fi ban mamaki. Mabiya addinin Hindu, waɗanda su ne mafi yawa a ƙasar, suna girmama saniya, ba su cin namanta. Musulmin ƙasar kuma ba su cin alade. Ban da haka, miliyoyin mutane ba su cin nama ko wane iri ne. To, yaya mai sayar da naman sa zai yi kasuwa a can? Da McDonald's ya buɗe a birnin Delhi cikin 1996, bai kai naman sa ba, bai kai alade ba. Ya fara da naman tumaki, daga baya ya koma ga kaza. Sa'an nan ya ƙirƙiro wata hambaga ta dankali da wake da kayan yaji, wadda babu nama a ciki ko kaɗan. Sunanta McAloo Tikki, kuma tana cikin waɗanda aka fi saye. A cikin madafa ma an raba wuri biyu. Wanda ke suyar kaza ba ya taɓa kaskon masu cin ganye, cokalinsu dabam, mansu dabam. Ba don kamfanin ya shiga addinin Hindu ba ne. Ciniki yake nema. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura.

A ƙasashen Musulmi, kamar Maroko, inda McDonald's ya buɗe reshensa na farko a Afirka a birnin Kazablanka cikin 1992, naman da ake sayarwa yankan Musulunci ne, kuma babu alade. A ƙasar Sin, KFC ya shiga birnin Bejin cikin 1987. Ya tarar mutane sun saba karya kumallo da kunun shinkafa, sai daga baya shi ma ya shiga dama kunu. A Indunusiya da Filifin, in mutum bai ci shinkafa ba, gani yake bai ci abinci ba, kamar yadda Ba'adare yake ji ranar da bai sha fura ba. Don haka a can, cinyar kaza tana zuwa ne da dunƙulen shinkafa.

Nan kusa, a Nijeriya, ƴan ƙasa ne suka riga baƙi. Mr Bigg's ya buɗe a Legas cikin 1986, Chicken Republic kuma cikin 2004. KFC bai iso ba sai 2009. Da ya iso, ya tarar kowa yana tambayar shinkafa dafa-duka mai yaji, sai ya sa ta cikin allonsa. A gidajen ƴan ƙasa kuma ana samun alala da soyayyar ayaba. Wani kamfanin Amurka mai suna Domino's, wanda ke gasa fiza, wato faifan burodi da ake zuba wa tumatir da cuku, ya yi wata iri mai naman kaza da yajin tsire. A allo an rubuta «suya». Kalmar Hausa ce. Mahautan Hausa ne suka kai ta Legas tare da tukubarsu, har ta hau allon kamfanin Amurka.

Wanda bai gane bakin mutane da aljihunsu ba kuwa, yakan naɗe tabarmarsa. A ƙasar Bolibiya, cikin Amurka ta Kudu, McDonald's ya buɗe a 1997, ya rufe dukan rassansa a 2002. Abincinsa ya yi wa talakawa tsada, ga shi kuwa a bakin titi akwai abincin gargajiya mai araha wanda suka saba da shi.

A Nijar babu reshen McDonald's, babu na KFC. A Afirka duka ma, McDonald's yana ƙasashe kaɗan ne, kamar Maroko da Masar da Afirka ta Kudu. Dalili ba boyayye ba ne. Irin wannan gida yana bukatar wutar lantarki da ba ta yankewa, da motoci masu firji, da mutane masu yawa da za su iya biya kullum. Ɗan makarantar da aka ba dala biyar ko dala goma da safe, wurin mai ƙosai za shi, ta ba shi har da gyara. A gidan kamfani babu gyara, babu bashi, kuma ba a cewa a rage.

Duk da haka, maganar ta shafi manomin Galmi. Ga abin da ya faru a Kenya. Cikin watan Janairu na 2022, KFC ya ba da sanarwa cewa soyayyen dankali ya ƙare a gidajensa, sai dai masu saye su karɓi wani abu maimakonsa, har da tuwon masara. Mutane suka yi mamaki, domin Kenya ƙasar dankali ce, kuma a lokacin manoma suna da shi jibge suna neman mai saye. Ashe kamfanin ba ya sayen na gida. Nasa daga Masar ake kawowa, a feraye, a yanke, a daskare, kuma jiragen ruwa sun yi jinkiri saboda annobar korona. Kamfanin ya ce dankalin gida bai bi ta hanyar binciken da yake yi wa kayansa ba. Ƴan ƙasa suka husata, waɗansu suka ce a daina shiga gidajen. Daga ƙarshe kamfanin ya ce zai nemi manoman Kenya su riƙa kawo masa.

Ke nan allo yana iya ɗaukar sunan abincin gari, alhali kayan da ke cikin tukunya daga nesa suka zo. Babban kamfani yana son kaya iri ɗaya: girma ɗaya, launi ɗaya, kuma a kawo kowane mako, rani da damina. Wannan shi ne mai wuya ga ƙaramin manomi.

Albasar Galmi, mai launin shuni, ta yi suna a Afirka ta Yamma. Ana noma ta a kwarin Magiya da sauran fadamun jihar Tawa. Manyan motoci suna ɗaukar ta zuwa Kwatano da Lome da Akara da Kumasi da Abijan. Amma ba ta zuwa daidai wa daida duk shekara. Wajen watan Maris da Afrilu, lokacin cira, takan cika kasuwa, buhu ya faɗi warwas. Manomi mai bashin taki da na man injin ban-ruwa dole ya sayar a lokacin. Mai hali shi ke zuba tasa a rudu, wato rumbun kara da ake ɗagawa bisa itace don iska ta riƙa ratsawa. Bayan ƴan watanni kuɗin buhu yakan ninka, har ya sake ninkawa. Sai dai kafin nan wani kashi ya ruɓe, wani ya tsira. Mai abincin da ke son albasa iri ɗaya, a kuɗi ɗaya, wata goma sha biyu, zai fi son wanda ya iya adana ta. Shi ya sa ƙungiyoyin manoma suke ƙoƙarin gyara rumbunan ajiya, da ware manya dabam, ƙanana dabam, kafin a ɗinke buhu. Mata kuma tun da can suna da tasu dabara: su daka ganyen albasa, su dunƙule, su shanya, ya zama gabu, wanda ke kai wata da watanni bai lalace ba.

A ce wata mai abinci ta Ƙwanni ta yi arziki, ta buɗe rumfa uku da sunanta: ɗaya a tashar Ƙwanni, ɗaya kusa da masana'antar siminti ta Malbaza, ɗaya a kasuwar Badagishiri. A Ƙwanni za ta gamu da ƴan kasuwar Nijeriya masu son teba da miyar manja. A Malbaza, direbobi da leburori za su nemi shinkafa da wake mai yawa, wadda za ta riƙe ciki har marece. A Badagishiri, makiyayi ya sha rana ya koro bisashe daga nesa, fura zai fara tambaya. In azumi ya kama, dukan rumfunan uku sai su rufe da rana, su buɗe gab da magariba da kunu da ƙosai da ƙanƙara.

Tambayoyi

1. Me ya sa Lou Groen ya fara sayar da kifi?
2. Waɗanne irin nama ne McDonald's ba ya sayarwa a Indiya? Don me?
3. Daga ina dankalin KFC na Kenya yake zuwa kafin 2022?
4. Ranar kasuwar garinku, ku rubuta sunayen abincin da ake talla da kuɗin kowane. Ku tambayi mai abinci ɗaya inda take samo kayan miyarta. Ku rubuta allonku da Hausa da Faransanci.