ƘURI'AR DATTIJAI DA YAWAN SAMARI A ƘASAR ADAR

A da, in zaɓe ya gabato a ƙauyukan Madawa, Buza da Keita, mai neman ƙuri'a ba ya wahalar da kansa da bin gida-gida. Yakan sauka ƙofar sarki, a tara masu gari da limamai da manyan ƴan kasuwa, a raba goro, a ƙulla alkawari. Abin da mai gida ya ɗauka, shi matansa da ƴaƴansa za su jefa cikin akwati. Haka aka yi ranar 28 ga Satumba 1958, da mafi yawan sarakunan gargajiya suka goyi bayan «i», Sawaba ta Jibo Bakari ta faɗi da «a'a». Da wannan hanya kuma RDA ta Diori Hamani ta riƙe ƙasa har 1974.

Jam'iyyar MNSD-Nasara ita ce ta ci wannan gado. An kafa ta a shekara ta 1989, zamanin Janar Ali Saibu, bisa tushen da Seyni Kunce ya bari, watau samariya da ƙungiyoyin manoma da majalisun raya ƙasa tun daga ƙauye har Yamai. Samariyar ma, duk da sunanta, ba ta motsi sai da iznin manya. Sarakuna da manyan ma'aikata da alhazai ƴan kasuwa su ne ginshiƙan jam'iyyar. Bayan taron ƙasa na 1991 ta yi takara da sababbin jam'iyyu, ba ta ji kunya ba: kujera 29 cikin 83 a 1993, sa'an nan Tanja Mamadu ya ci zaɓen shugaban ƙasa a 1999 da 2004. A 2004 ɗin ta sami kujera 47 cikin 113. To, a 2016 sai ta koma 20 cikin 171, a 2020 kuma 13 kacal, ɗan takararta Seini Umaru bai kai kashi 10 bisa 100 ba.

Mene ne ya faru?

Amsa ta farko tana cikin littafin ƙidaya. A 1977 mutanen Nijar miliyan 5 ne da ɗoriya. A 1988 sun haura miliyan 7, a 2001 miliyan 11, a 2012 miliyan 17. Gundumomin Madawa, Buza da Keita kaɗai, a ƙidayar 2012, sun tara mutum fiye da miliyan ɗaya da dubu 300. Kusan rabin jama'ar ƙasa ba su kai shekara 15 ba. Kowace shekara dubban yara suna cika 18, su shiga rajistar zaɓe, dattijai kuwa kwana yana ƙare musu ɗaya bayan ɗaya.

A duba yaron da aka haifa a Buza cikin 2002. Ya yi zaɓensa na farko a Disamba 2020. Ranar da soja suka kifar da Tanja, 18 ga Fabrairu 2010, bai wuce shekara takwas ba. Ubansa yana tuna ranar da shirin musamman na shugaban ƙasa ya kawo ɗakin lakwal da ɗakin shan magani da rijiya, yana kuma ganin akwai bashin godiya a wuyansa. Shi kuwa yaron ya tashi ya tarar da su ne, wasu ma rufinsu ya fara yoyo. Tambayarsa ita ce ina aiki.

Ga kuma cin rani. Ƙasar Adar duwatsu ne da tsauni, hatsin gona sau da yawa ba ya kai gida wata damina. Da an gama girbi sai samari su nufi Nijeriya, Abijan ko Libiya. Lokacin da aka buɗe babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, da taimakon Italiya da hukumar abinci ta duniya FAO, mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu, don mazan suna can wurin bida. Wanda ya aiko kuɗin buhun hatsi ranar da rumbu ya ƙare, ko ya sayar da albasarsa ta fadamar Madawa da hannunsa, da wuya a ce masa ga takardar da za ya jefa. Yanzu ma ta wayar salula, daga Abijan, shi ke gaya wa uwarsa.

Shi ya sa tsagewar ta fara bayyana a nan tun da wuri. PNDS-Tarayya, wadda malaman makaranta da injiniyoyi da tsofaffin ɗalibai suka kafa a Disamba 1990, ta mai da jihar Tawa gidanta tun zaɓen 1993. Gaskiya ne Mahamadu Isufu ɗan gida ne, mutumin Dandaji ta ƙasar Illela, wannan kuwa ya yi nauyi ƙwarai. Gaskiya ne kuma da Tarayya ta hau mulki a 2011, ita ma ta san hanyar ƙofar sarki. MNSD kuma ta yi wa kanta rauni da tazarce a 2009 da rabuwar kai: mutanen Hama Amadu suka kafa Lumana a shekarar nan, Albade Abuba ya kafa Jamhuriya a 2015.

Wannan ciwo ya kai har Amurka. Jam'iyyar Ripablikan ta daɗe tana dogara ga farar fata masu yawan shekaru. A 1980 farar fata su ne kusan tara cikin goma na masu jefa ƙuri'a, a 2012 sun koma kashi 72 bisa 100. A shekarar Mitt Romney ya sami kashi 59 na ƙuri'arsu, duk da haka Barack Obama ya kada shi. Magabatan jam'iyyar suka rubuta rahoto a 2013 cewa tilas a nemi samari da ƴan asalin Latin Amurka. Masu lissafi da yawa sun yi mata jana'iza tun tana da rai. Sai ga Donald Trump ya ci zaɓe a 2016, ya sake ci a 2024, a karo na biyun da fiye da kashi 40 na ƙuri'ar ƴan Latin ɗin, yana yi musu maganar tsadar abinci da aikin yi.

MNSD ba ta sami irin wannan dama ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an dakatar da harkokin jam'iyyu, ranar 26 ga Maris 2025 kuma aka rushe su baki ɗaya, Nasara da Tarayya da sauransu. Yaran Keita da aka haifa shekarar da Tanja ya faɗi za su cika 18 a 2028.